Baƙar Dawar da Ke Rataye a Madafi

A shekara ta 1955 an yi wani sanyi a Riruwai, irin wanda ke sa ƙaton mutum ya rabu da wanka. Garin a tsakanin duwatsu yake. Da safe ruwan randa kamar zai yanke maka hannu.

A garin akwai wata yarinya 'yar aji uku a makarantar Mishan. Ubanta, Mainasara, haƙar kuza yake yi, amma asalinsa manomi ne daga wajen Kiru. Yana da 'yar gona a bayan gari, ita ke ciyar da gidan. Uwarta, Baturiya, ƙosai take soyawa a bakin kasuwa. Su Kirista ne.

Yarinyar nan akwai tausayi. Akwai kuma gaggawa. In abu ya shiga kanta, ba ta tsayawa tambayar kowa.

Wata Lahadi Malamin makarantarsu yana koya wa yara a majami'a. Ya nuna waje, ya ce, "Wa ya taɓa ganin kurciya da fartanya?"

Yara suka fashe da dariya.

"Wa ya taɓa ganin rumbun kanari?"

"Babu, Malam!"

"To, wa ke ciyar da su?"

"Allah!"

"Haka Yesu ya koya mana. Ubanmu na sama bai manta da ɗan tsuntsu ba, balle ku."

A hanyar gida yarinyar ta duba daji. Mafarauta sun ƙone shi ƙurmus. Shanu sun cinye abin da ya rage a gonaki. Tsuntsaye sun takure a kan tsamiya, kowanne ya kumbura gashi. A gindin tsamiyar ta ga wani ƙarami ya mutu, ƙafafunsa a sama.

Ta ce a ranta, "Bari in taya Allah aiki."

Amma da me? Rumbu dai Baba ne kaɗai ke buɗe shi. Ta shiga madafi tana dube-dube. Da ta ɗaga kai, sai ta hangi zangarniyoyin dawa a rataye can saman murhu. Hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin.

"Dubi wannan," in ji ta. "An manta da su har sun lalace. Wa zai ci tuwon baƙar dawa?"

Ta kifa turmi, ta hau, ta ciro ɗaya. Ta murje ta a gindin tsamiya, ta koma gefe.

Kurciya ta fara sauka. Sai kanari. Kafin ka ce me, ƙasa ta rufe da tsuntsaye. Yarinya kamar ta yi tsalle don murna.

Kashegari ta ƙara. Jibi ma haka. 'Yan ajinsu suka riƙa zuwa kallo, har suna ce mata uwar tsuntsaye. Ita kuwa sai ƙara kumbura take. Inna ba ta lura ba. Wa ke ɗaga kai a cikin hayaƙi?

Kafin sanyi ya wuce, igiya kaɗai ta rage a rufin.

Bazara ta shigo, zafi ya sauka, hadari ya fara leƙowa daga kudu. Wata Asabar Mainasara ya gyara sunguminsa, ya shiga madafi. Jim kaɗan aka ji muryarsa har maƙwabta.

"Baturiya! Ina irina?"

"Wane iri, Maigida?"

"Iri nawa gare ni? Kaurar da na rataye tun kaka!"

Inna ta leƙa, ta riƙe baki. "Ko ɓeraye ne?"

"Ɓeran da ya iya kwance ƙulli? Ɓeran da ke kifa turmi?"

Yarinyar tana jin su daga ɗaki. Ta fito a hankali, ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Na ba tsuntsaye. Na ga ta yi baƙi, na zaci ta lalace."

"Ta lalace? Ke, don a hana ƙwari cinta ake rataye ta a hayaƙi! Ɗaya bayan ɗaya na zaɓe su, manya zalla. Irin mahaifina ne, da hannuna na ɗauko shi daga Kiru. Ita kaɗai ke yi a jar ƙasar gonar nan. Yanzu me zan shuka? Tsakuwa?"

Ta ce cikin kuka, "Ai Malam ya ce Allah zai tanada."

"Ya tanada mana! Tun kaka ya tanada, na rataye, kika kwashe! Je ki gaya wa kurciyoyinki su zo su yi mana shuka."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar yarinyar ba ta ci abinci ba. Ta san in ba a yi shuka ba, ba tuwo baɗi. A Kiru kuwa ba sauran kowa nasu, kakanta ya rasu, gonar ta koma hannun wasu.

Ran Litinin, da aka tashi tara, ta tsaya wurin Malam. Ta gaya masa komai.

"Malam, ba kai ka ce Allah yana ciyar da tsuntsaye ba?"

"Na ce. Amma na ce ki ɗauki abin da ba naki ba?"

"A'a."

"Kin tambayi wani a gida?"

"A'a, Malam."

"To, ga kuskurenki nan. Tausayin bai yi laifi ba. Yanzu mu yi addu'a. In mun gama, ki tashi ki nema. Tsuntsun ma ba a sheƙa yake kwanciya yana jira ba, fita yake yi."

Suka durƙusa, suka roƙi Allah.

Da ta koma gida ta nemi izini wurin Inna. Inna ta ba ta 'yar ƙwarya, ta ce, "Manomi ba ya hana iri in yana da shi. Ki gaishe da mutane da ladabi. Kada ki ɓoye abin da kika yi."

Ta fara bin gidaje. Yawancin mutanen unguwar 'yan kuza ne, sayen hatsi suke a kasuwa. Wani ya ce masara gare shi. Wata ta ce farar dawa ce tasu. Wani kuwa da ya ji labarin sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Irin shuka kika ba kurciya? Baɗi kuma sai ki ba ta rumbun!"

Kunya ta kama ta, amma ba ta juya ba. Kullum in an tashi makaranta sai ta ɗauki ƙwarya. Ƙafafunta suka yi kaushi. Hadari kuwa kullum ƙara haɗuwa yake.

Daga ƙarshe ta haura dutse, ta kai wani gida a bakin rafi. Wani dattijo yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Sunansa Mamman, tsohon manomi ne, Musulmi.

"Salamu alaikum. Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau, jikata. Daga ina da ƙwarya ba komai?"

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Tsoho ya girgiza kai.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar Mainasara mai haƙar kuza."

"Mainasara na Kiru? Dogon nan mai faɗa?"

"Shi ne, Baba."

Tsoho ya ajiye carbi, ya ɗaga murya. "A'isha! Sauko mini da kaurar nan ta saman murhu!"

Matarsa ta fito da zangarniyoyi cike da hannu, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya murza ɗaya a tafinsa, ya hure. Ga ƙwaya manya-manya, rawaya.

"Kin san wannan? Shekarar da gobara ta cinye mini gida, ban tsira da ko ƙwaya ba. Ubanki bai san ni ba, a hanya ya gan ni. Ya raba irinsa biyu ya ba ni rabi. Tun daga nan ita nake shukawa. Wannan jikar dawarku ce. Ƙwaryar nan ta yi kaɗan. A'isha, kawo kwando."

Yarinyar nan ba ta san lokacin da ta sauko daga dutsen ba. Tun daga ƙofar gida take ihu.

"Baba! Inna! An samu! An samu!"

Mainasara ya fito a fusace. "Wane irin ihu ne wannan kamar an..." Bai ƙarasa ba. Ya ga kwando. Ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya murza, ya sa ƙwaya a baki ya ciza.

"Wannan ai tamu ce. Ina kika samo?"

"Wurin Baba Mamman na bakin rafi. Ya ce kai ka ba shi."

Mainasara ya ajiye zangarniyar. Ya zauna a kan turmi.

"Ni har na manta," in ji shi. "Ashe Allah ya ajiye mana a rufin wani. Ubangiji, mun gode maka."

Ya jawo 'yarsa jikinsa. "Kin ɓata, kin kuma gyara. Amma in kin ƙara hawa turmin nan..."

"Sai na tambaya, Baba."

Inna ta yi dariya. "Tsuntsayenki kuma, tsakin da ke fita in na yi tankaɗe naki ne. Da kin tambaya, da tun sanyi na ba ki."

A makon nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye suka tafi gona. Baba yana gaba yana sara da sungumi. Yarinyar tana biye, tana jefa iri, tana rufewa da ƙafa.

Ba a daɗe ba jar ƙasar nan ta yi kore shar, layi bayan layi. Mainasara ya tsaya a bakin gona, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi.

"Zo ka gani! 'Yata ce ta nemo irin!"

Yara, ku riƙe wannan. Tausayin tsuntsu abu ne mai kyau, amma kada ku yi kyauta da abin da ba naku ba sai kun tambaya. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya, ku yi addu'a, ku tashi ku gyara. Allah da ke ciyar da tsuntsaye a cikin sanyi ba zai bar ku da yunwa ba.