Faifai Arba'in da Bakwai na Makarantar Ƙofa

Ranar Asabar, goma sha ɗaya ga watan Nuwamba na shekarar 2006, ɗalibai arba'in da bakwai suka yi walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Malam Zainul Abidin da ke Ƙofa, cikin ƙasar Kusada: maza ashirin da tara, mata goma sha takwas. Iyaye suka yi shawara a ɗauki taron a bidiyo, kowane gida ya samu nasa faifan. Lokacin kaset yana ja da baya, faifan sidi yana mamaye ɗakunan mutane. Don haka aka kira Zahradeen daga Kankia, saurayi ɗan shekara ashirin da shida, mai shagon ɗaukar biki da buga faifai.

Yana tafiya da baya-baya, kyamara a kafaɗa, sai ya taka tabarmar mata da takalminsa.

"Malam mai kyamara, tabarmar ga ba hanya ba ce."

Ya waiwayo. Kamila ce, ɗiyar Malam, wadda ke koyar da ajin 'yan mata, takardar sunayen ɗalibai a hannunta.

"Kuma ka kauda abin ga daga fuskata. Ba ni na yi sauka ba."

"Ki yi haƙuri, 'yar Malam. Idon injin ne ya ƙi jin magana."

"To ka koya mashi ladabi, ko ka bar shi gida."

Ta juya, amma ya ga gefen bakinta ya motsa. Da aka watse ita aka sa ta ba shi jerin sunayen, tare da lambar wayarta, domin ya sanar da ita ranar da aiki zai kammala. Washegari da hantsi saƙo ya shigo mata:

"Salam 'yar Malam. Aiki bai kammala ba, amma injin ya ce in ba ki haƙuri. Ya yi nadama, sai dai ya ce da za a sake, zai sake."

Ta amsa bayan azahar: "Wa alaikassalam. Tuban muzuru ke nan. Ka yi aikinka, Mai Faifai."

Daga ranar sunan ya bi shi. Cikin mako biyu saƙonnin suka wuce batun aiki, har ya fara zuwa zance Ƙofa da la'asar, da sanin mahaifinta. Malam bai hana ba, domin ya san kakan yaron.

A nan ya wajaba a bayyana wani abu game da faifan da ba a ɗauki komai a kansa ba, wanda masu sana'ar ke kira emti. Mutane sun ɗauka gefen da ke ƙyalli shi ne abin lallaɓawa. Ba haka ba ne. Hoto da murya suna kwance ne a ƙarƙashin wata 'yar fatar azurfa da ke gefen sama, inda ake rubuta suna. Faifan kirki yana da rufi mai kauri a kanta. Na banza kuwa, irin wanda marasa tsoron Allah suka cika kasuwanni da shi a shekarun nan, suna sa shi cikin kwalin na kirki, fatarsa ba ta kai ta albasa ƙwari ba. Irinsa aka sayar wa Zahradeen a Kano, shi kuma ya dubi kwali bai dubi faifai ba.

Ya buga arba'in da bakwai, ya gwada kowanne a na'urarsa daga farko har ƙarshe, duk suka yi. Ranar ashirin da biyar ga wata ya kai su Ƙofa cikin fararen ambulan.

Ba a yi wata ɗaya ba aka fara dawo da su. Wani ya ce ana cikin karatun ɗansa hoton ya tsaya cak, bakin yaron a buɗe. Wani ya ce fuskoki sun farfashe kamar madubin da ya faɗi. Wata tsohuwa daga Mawashi ta tara 'yan'uwa, aka tayar da janareta, na'ura ta yi ta juya faifan tana ƙara, ta tofo shi. Bayan Babbar Sallah aka ƙirga: talatin da tara sun lalace, takwas kaɗai ke yi.

Sai ga Ashiru, mai sayar da kayan kallo a Kusada, wanda ya shekara biyu yana neman Kamila ba ta ba shi fuska ba. Ya zauna a zauren Malam ya yi bayani kamar likita.

"Allah gafarta Malam, ni na san irin su. Gudu suke ba injin don su gama da wuri su kama wani aikin. Ai wanda ya yi ma Alƙur'ani haka, mi zai bari?"

Babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa buga faifai ko ɗaya a rayuwarsa. Haka muke. Mutum ya yi shekaru yana gina suna, a rushe shi a zama guda da shaidar wanda kowa ya san dalilinsa.

Da baffan Zahradeen ya zo neman izinin a kawo gaisuwa, Malam bai ko bari ya gama ba.

"Alhaji, da mutuncinka. Amma wanda aka ba amanar karatun yara ya ha'inta, ba ni ba shi amanar ɗiya. A bar maganar."

Kamila ta kwashe faifan da aka dawo da su cikin leda, ta aika masa Kankia da saƙo:

"Ga kayanka. Na tsaya maka gaban Baba har ya daina amsa gaisuwata. Ka faɗa mani gaskiya ko da ɗaci: ka yi mana algus?"

Zahradeen ya fito bakin shago da faifai ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana. Abin da ya gani ya sa ya zauna. Haske na ratsowa ta cikin faifan, kuma ba a warwatse ba: a jere yake, harafi bayan harafi, da kyakkyawan rubutun ajami. Malam, don girmama abin da ke ciki, ya zauna ya rubuta sunan kowane ɗalibi da addu'a a kan faifansa, da alƙalamin gamba da tawadar allo. Bakin alƙalami ya karce fatar, ƙaron da ke cikin tawada ya bushe ya ja ta, zafin na'ura ya ƙarasa ɓamɓare ta.

Ya ɗauko waya ya rubuta:

"Kamilata, ban yi algus ba, Allah shaida. Amma laifin nawa ne, na sayi faifan da ba shi da kyau. Zan sake bugawa. Kada ki ƙara jayayya da Baba saboda ni."

Ta karanta sau uku, ranta ya ɓaci. "Laifin nawa ne." Wato Ashiru ya yi gaskiya ke nan? Ta kashe wayar, ta yi kwana goma sha biyu ba ta kunna ba. Ya sake buga faifan a kan emti mai kyau ya aiko, Malam ya mayar da kwalin ko buɗewa bai yi ba. A Kankia kuwa biki uku aka janye daga hannunsa.

Abin da ya hana ta sakat shi ne takwas ɗin nan. Ta ɗauko jerin sunaye ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga su ne takwas na ƙarshen takarda. Nan ta tuna. Ranar da Malam ke rubutun, an zo an kira shi jana'iza Fakuwa kafin ya gama, ita ta ƙarasa ragowar, kuma a kan ambulan ta rubuta da biro, ba ta taɓa faifan ba. Ta nemo wani lalatacce da aka kawo daga baya, ta ɗaga shi saitin rana a tsakar gida, sai ga haske na ratsowa ta cikin rubutun mahaifinta.

Ta kunna waya ta rubuta:

"Mai Faifai, na ɗaga shi a rana. Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika aiko su."

"Ka bari aka ci mutuncinka, ka bari na zarge ka, don mi?"

"Hasken idona, da wane baki zan ce ma gari hannun Malam ne? Mutumin da rubutunsa ake nema don albarka. Ni in na faɗi zan tashi. Shi fa?"

"Kai dai ba ka da wayo. Kuma ban taɓa son ka kamar yau ba. Ka jira."

Ita ma ba ta iya tunkarar mahaifinta. Amma a gidan akwai mai iyawa: Inno, mahaifiyar Malam, wadda ta haura tamanin kuma har lokacin ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kamila ta durƙusa ta yi mata bayani.

"Ke, ja'ira, duk ramar ga a kan mai madubin nan ne? Kira mani uban naki."

Malam ya shigo da sallama ya tsuguna.

"Malam Ƙarami, karanta mani abin da ke nan. Idona ya mutu."

"Inno, ai faifan yaron nan ne na Kankia."

"Ban tambaye ka mai shi ba. Ɗaga sama, wajen rana."

Ya ɗaga. Ya ga sunan Salma 'yar Lawal, ya ga addu'ar, da wasullan da babu mai yin irinsu a ƙasar Kusada sai shi, duk haske na fita ta cikinsu. Kamila ta miƙo masa ɗaya daga cikin takwas ɗin, wanda ta aro. Ya ɗaga: babu ko huda.

"To?" in ji Inno. "Ubanka ya koya maka rubutu a allo da takarda. Wa ya aike ka rubutu a kan madubi? Ka kori ɗan mutane, ka saurari wancan mai bakin kamar rediyo. In ka ƙi shi, ni ina so, dama na gaji da zaman gwauranci."

Malam bai yi dariya ba. Ya tashi, ya saka alkyabbarsa, ya hau motar Kankia.

Zahradeen na ganinsa a ƙofar shago ya zube ƙasa. Maƙwabta suka matso, suna jiran a ƙarasa shi.

"Ka sani?" in ji Malam.

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"Ka sani, ka yi shiru, ka bar ni ina zaluntarka har mako biyu? Ina hawa buzu ina karantar da mutane haramcin ƙazafi, alhali ina ɗauke da shi? Da na mutu a tsakanin nan fa, wa zai amsa mani? Kai ka ɗauka ladabi ne? Wallahi shirunka ya fi faifanka ɓata mani rai!"

"Na ji kunya ne, Malam. Kuma da faifan na kirki ne, da wataƙila ya jure. Ni ya kamata in duba, in kuma yi gargaɗi."

"Wannan naka ne, ka riƙe. Nawa kuma ba ka da ikon ɗaukar mani." Ya juya ga mutanen da suka taru, ya ɗaga murya. "Ku shaida, yaron ga bai ha'inci kowa ba. Alƙalamina ne ya ɓata faifan, bakina kuma ya ɓata sunansa. Zan maimaita gaban iyayen yara ranar Juma'a." Sannan ya sassauta. "Ka yafe mani, ɗana."

Zahradeen ya gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ka ce ma baffanka ya dawo. Amma da sharaɗi: in ka ga na yi kuskure, ko a gaban liman ne, ka ja ni gefe ka faɗa mani. Ba ni son surukin da zai lallaɓa ni zuwa wuta."

Kafin motar Malam ta isa Ƙofa, saƙo ya riga ta:

"'Yar Malam, Baba ya wanke ni tas, ya kuma yi mani faɗan da ban taɓa sha ba. Ki shirya."

"Ka cancanci duka biyun. Allah ya kai mu, angona."

An ɗaura auren Zahradeen da Kamila a ƙofar gidan Malam ranar Asabar, biyar ga watan Mayu na 2007, mako biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa. Malam da kansa ya rufe da addu'a: Allah ya sanya albarka, ya ba su zuriya ɗayyiba, ya sa gaskiya ta zauna a tsakaninsu ko da ta yi ɗaci. Jama'a suka shafa. Ashiru bai halarta ba, ya aiko cewa yana Kano sarin kaya.

Sun zauna a Kankia, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. A shekarar 2014, da kallo ya koma cikin waya, Zahradeen ya daina buga faifai, ya mayar da shagon na gyaran waya, Kamila kuma ta buɗe ajin matan aure a zauren gidansu.