Wane Ne Abdulgafar?

"Wai wane ne Abdulgafar ɗin ga?" Kailu ya tambayi matarsa, ba tare da ya dube ta ba.

Anisa ta ajiye farar rigar da take ninkewa. Hutun sati ɗaya ne ya kawo ta gida Filinge, a ƙasar Kurfai, gobe za ta koma Yamai, inda take shekara ta shida a karatun likita.

"Abokin karatuna ne, masoyina. Ɓangare ɗaya aka tura mu a asibitin koyarwa."

"Abokin karatu... Kullum sai ya kira, ku yi ta Faransanci kuna dariya, ni ina zaune kamar baƙo a gidana."

"Zancen marasa lafiya ne fa."

"Su ne abin dariyar?"

Idanunta suka kawo ruwa, ta ci gaba da ninke rigarta. Da safe ta shiga mota, shi kuwa ko tasha bai raka ta ba.

Ranar kasuwar Baleyara ya sayar da raguna biyu babu ko ciniki, hankalinsa ba ya jikinsa. Maganar Inna Tanne, mahaifiyarsa, ke ta cin ransa: "Ɗana, matar da ke Yamai kai kana Kurfai, ta wa ce?" Maimakon motar gida sai ya hau ta Yamai.

Da azahar ya iso asibitin. Majinyata har kan tabarmi a baranda, ɗalibai na bin wani babban likita daga gado zuwa gado. A ƙarshen barandar ya hango Anisa zaune a ƙasa, wani dogon saurayi tsaye kusa da ita. Zuciyarsa ta tafasa.

Saurayin ne ya fara magana. "Kai ne Kailu? Ni ne Abdulgafar. Wata mai naƙuda ta rasu a hannun Anisa ɗazu, ba a samu jinin ƙara mata ba. Tun lokacin take kiran wayarka."

Kailu kuwa shi ya kashe wayar da hannunsa, don fushi.

Anisa ta ɗago jajayen idanunta. "Shekarunmu ɗaya da ita, Kailu... Ina riƙe da hannunta."

Ya durƙusa gabanta, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata. Ba alheri ya kawo ni ba."

"Na sani," ta ce, ta kifa kanta a kafaɗarsa. "Amma ka zo. Kada ka tafi yau."