Hayaƙin Ranar Lahadi

Ranar Litinin Mista Chimezie, mai kamfanin busar da citta a Kafanchan, ya kai ƙara caji ofis: an sace na'urar auna hayaƙi daga bututun kamfaninsa. Turawan da ke sayen cittar ne suka ɗaura ta, tana aika musu rahoto ta intanet.

Manajansa, Silvanus, ya nuna Uloma, yarinyar da ke kula da na'urar. Aka tsare ta.

"Ina kika kai ta?" Sufeto Ja'afaru ya tambaya.

"Yallaɓai, ban yi digiri don in saci ƙarfe ba. Wata biyu ina tambayar manaja, yana cewa tana wurin gyara. Ko shekara zan yi a sel ɗinku, maganata ke nan."

Sufeto ya zagaya bayan kamfanin. Cikin toka ya tsinci wayoyin ƙonannun tayoyi.

"Da gas muke aiki, oga," in ji Silvanus. "Wannan sharar maƙwabta ce."

Sufeto ya koma wurin Uloma, ya sa ta buɗe rahoton a wayarta. Na'urar tana nan tana aiki. Iska tas, kullum, sai Lahadi da ƙarfe tara lambar hayaƙi ta yi sama na awa ɗaya.

"Kamfani ba ya aiki ran Lahadi," Uloma ta ce. "Lokacin addu'ar Mas ne a coci. Hayaƙin turare!"

Silvanus katikis ne, mai koyar da addini, shi ke riƙe makullin ɗakin kayan coci. Sufeto ya tasa shi gaba tare da Uloma, a can suka sami na'urar, a kan kabad, bayan kwalin kyandirori. Matan zumuntar coci da ke shara suka tsaya da tsintsiya a hannu. Matar Silvanus, Selina, na cikinsu.

"Gas ya gagare mu, muka koma ƙona taya," Silvanus ya ce, idonsa a ƙasa. "Da Turawa sun ga hayaƙin taya, da sun daina saye, mutum arba'in su rasa aiki. Na ce a nan iska mai tsabta ce."

"A gidan Ubangiji, Baban Nathan?" Selina ta ce. "Ɗanka yana tari wata biyu, ka ce sanyi ne!"

Silvanus ya dubi Uloma. "'Yata, ki yafe..."

"Kwanana uku a sel, Baba. Ba ni na'urar."

Ta rungume ta ta nufi kamfani. Shi kuwa ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya. Sufeto ya girgiza kai.

"Mota tana ƙofar gaba."