Gawa a Ramin Farar Ƙasa

Bayan la'asar aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a Shisha, wata unguwa a gefen Makka. A shekarar 1966 unguwar ba ta gama zama unguwa ba. Gidajen siminti ne ke tasowa a gindin duwatsu, magina kuwa yawancinsu Hausawa ne da suka zo Hajji suka zauna.

Sufeto Mukhtaru aka tura. Haifaffen Makka ne, amma kakansa daga Kano ya tako da ƙafa, don haka yana jin Hausa.

Ya tarar da gawar kife a ramin da ake jiƙa farar ƙasa, bayan wani gini mai hawa biyu. Shugaban magina, wani dogo mai suna Rabi'u, ya ce baƙo ne, ƙila rana ta buge shi ya faɗa. Sufeto ya duba ƙeyar mamacin, ya ga sara mai faɗi. A aljihun rigar ya sami wata tsohuwar wasiƙa da ajami, an naɗe ta cikin fata.

Leburori duk suka ce ba su san shi ba. Sufeto ya san dalili: mai zama ba takarda ba ya son doguwar magana da ɗan sanda.

Washegari ya sami Yalwa, dattijuwar da ke sayar wa magina fura. Sai da ya rantse mata ba zancen iƙama, wato takardar izinin zama, ya kawo shi ba, sannan ta buɗe baki. Ta ce sunan mamacin Mailafiya, mutumin Argungu. Kwana shida yana yawo yana cigiyar yayansa, wanda shekara bakwai ke nan bai aiko da wasiƙa gida ba, alhali alhazai na komawa suna cewa ya zama babban magini a Shisha.

"Wa ye yayan?"

Ta dubi ginin, ta sauke murya. "Rabi'u."

Sufeto ya kira Rabi'u ofis. Ya zo da iƙamarsa, ya ajiye a tebur tun ba a tambaya ba. Ya ce Rabi'u suna da yawa a Makka, shi ba shi da ƙane.

"Takardarka ta ce kai mutumin Argungu ne."

"Haka ne."

"A wace unguwa gidanku yake?"

Ya ce ya daɗe da barin gida. Sufeto ya lura harshen nan ba na Kabawan Argungu ba ne, na Damagaram ne. Ya ɗaga takardar ga hasken taga. Hatimin da ya hau kan hoton bai haɗu da na jikin takardar ba.

Ya warware wasiƙar ya tura masa, ya ce ya karanta. Mutumin ya riƙe ta a juye.

"Rabi'u ne ya rubuta wannan da hannunsa," in ji Sufeto. "Kai wane ne?"

Mutumin ya ajiye wasiƙar. Ya ce sunansa Maman. Ɗaki ɗaya suka zauna da Rabi'u a unguwar Utaibiyya, zazzaɓi ya kashe shi, shi kuwa ba shi da takarda. Ya binne abokinsa da sunan Maman, ya ɗauki nasa. Da sunan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, ya sami fili.

Mailafiya ya iske shi da azahar, lokacin da leburori suka tafi hutawa. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce sai ya kai ƙara.

"Na roƙe shi. Ya juya zai tafi, shebur na hannuna."

"Kisan kai a cikin iyakar Harami," in ji Sufeto. Maman ya sunkuyar da kai. Dukansu sun san hukuncin.

Da aka fito da shi da ankwa, matarsa Sa'adiya na tsaye a bakin ƙofa, goye da ƙaramarsu. Ta kira shi Rabi'u, bai waiwayo ba. Sai ta tari Sufeto.

"To 'ya'yan nan, ɗiyan wa zan ce musu?"

Sufeto Mukhtaru ya sa Maman a mota. Ya rufe ƙofar motar, direba ya ja.