Talle Tana Jirana

Akwai laifin da ya fi ƙarya muni: mutum ya san gaskiya sarai, ya ga harshen baƙo ya yi tuntuɓe, ya tsinci tuntuɓen ya mai da shi wuƙa. Laifin Garuba direba ke nan. Ku kasa kunne.

A zamanin mulkin Faransa, wani saurayi, Karimu, ya zo Sokode daga Dapango koyon aikin asibiti a lakwal, wato makarantar Turawa. Aka sauke shi a zango, gidan Malam Awudu sarkin pawa. Washegari ya fito neman lakwal, duk wanda ya tambaya sai ya amsa masa da Kotokolanci, yaren garin. Ya zaga ya zaga, ya dawo bakin rijiyar gidan, ya tarar da budurwa na jan ruwa.

"Kai, don Allah ina hanyar lakwal?"

Ta aje guga. "Kai? Gemu ka gani a haɓata?"

Barakatu ce, ɗiyar mai masauki. Shi kuwa uwarsa 'yar ƙabilar Moba ce, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne.

"Ka ce *ke*," in ji ta.

"Ke."

"To, ka zama mutum. Bi bayan masallaci, ka miƙe."

Tun daga ranar ta ɗora shi a karatu. Ita ke kai masa tuwo, kuma ƙarƙashin faifai takardun ajami suka fara kai da komo. Ya rubuta: "Malamata, yau an koya mana ɗaurin rauni. Garin nan bai san ni ba, ke kaɗai kika san ni. In na ga kwanonki sai in manta ni baƙo ne."

Ta amsa: "Likitana, ba kuskure ko ɗaya. Ka ci tuwon tun da zafi."

Sai dai an ce garin gyaran gira a kan rasa ido. Tsoron kuskure ya sa Karimu ya koma kiran kowa "ita", har liman.

Wata rana a zaure ya ce, "Talle tana jirana a Dapango. Ita ta ɗinka mini rigar nan. Na yi mata alkawari ba zan kunyata ta ba."

Garuba na zaune. Shi ke jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Sokode da Dapango, ya nemi Barakatu ta ƙi shi, kuma ya san Talle wan Karimu ne, tela, ƙato mai gemu. Bai tsaya ba sai gaban sarkin pawa.

"Baba, baƙonka na da mata a gida, ga shi yana lallaɓar 'yarka. Na gan ta da idona, fara ce doguwa."

Malam Awudu ya sa aka kira Karimu. "Talle na jiranka?"

"E, Baba, tana jirana."

"Ka yi mata alkawari?"

"Na yi, Baba, ai ita..."

"Ya isa! Dama ban so ɗan lakwal ba. Kwashe tabarmarka."

Karimu ya koma kwana a barandar asibiti. Barakatu ta ci kukanta yini ɗaya, ta share ido, ta ba wata mai tallan koko takarda ta kai masa: "Wace ce Talle? Kada ka yi mini kwana-kwana."

Amsa ta zo: "Malamata, Talle wana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe ni tun da babanmu ta rasu."

Ta karanta, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta je ta durƙusa gaban ubanta, ta miƙa masa.

"Takarda ba ta rantsuwa," in ji shi. "Na ba Garuba izini ya turo magabatansa."

"Baba, ban taɓa musa maka ba. Amma ko an ɗaura, a ƙofa za a tsince ni. Kai da ba ka sayen bijimi sai ka duba haƙoransa, yau ka yanke hukunci da ji? A kawo Tallen mu gani."

Tsohon ya ce, "Bakin uwarki kika ɗauko. A kawo ta."

Kwana tara, ga Karimu a zaure da wani ƙato, gemu har ƙirji. Dattawan zango sun hallara, Garuba na rakuɓe a gefe.

"Ina Tallen?" in ji sarkin pawa.

"Ga ta nan, Baba."

Ƙaton ya yi sallama da murya kamar ganga, ya waiga. "A'a, Garuba! Ba za ka gaishe ni ba? Wandon da ke jikinka ma ni na ɗinka."

Zaure ya ɗauki dariya, liman har da tari. Malam Awudu kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Karimu, na zalunce ka. Dawo ɗakinka. Ran da ka karɓi takardar gama lakwal, Barakatu taka ce."

Haka aka yi. Bayan damina biyu aka ɗaura, Talle ya karɓi auren, shi ya ɗinka kayan ango. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Garuba kuwa, ramin mugunta ya gina da zurfi. Ya rasa Barakatu. Ya rasa zauren sarkin pawa, inda ya shekara shida yana cin nama. Ya rasa masauki a Dapango, don babu gidan da ya sake shimfiɗa masa tabarma, sai ƙarƙashin kamiyo. Sunansa ma bai tsira ba: daga Sokode har Gando, har ya tsufa, Angon Talle ake kiransa.