Gurbin da Ta Bari a Arizona

"Tun yaushe ka sani?" Corinne ta tambaya, ba ta ko ɗago daga kwanukan da take wankewa ba.

Wendell yana jingine da ƙofar kicin ɗin iyayenta, cikinsa cike da pierogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki da Mama ta dafa.

"Sanin me, zuciyata?"

"Cewa kai ne na farko a jerin masu jira a Arizona."

Daga falo ana jiyo talabijin, da muryar Mama tana gyara wa Baba matashi a ɓarin jikinsa da ya shanye.

Shekara biyu suna tebur ɗaya a wata jami'a a arewacin Ohio, suna koya wa 'yan shekarar farko rubutu, suna duba takardu tare har soyayya ta ƙullu, har aka sa zobe. Tare suka nemi digirin digirgir a fannin balaga, wato fasahar magana, da koyar da rubutu, wurare tara. A watan Fabrairu amsa ta zo. Ita ta samu biyu: wata babbar jami'a a Arizona, da tallafin shekara biyar da malamar da ta daɗe tana burin zama a gabanta, sai wata ƙarama mai nisan awa ɗaya daga gida. Shi ƙaramar ce kaɗai ta ɗauke shi. Arizona kuwa, a cewarsa, sun ce masa a'a.

Ƙa'idar kowa ya san ta. Kana da zuwa sha biyar ga Afrilu ka ba da amsa, idan ka ƙi gurbinka, sai a kira wanda ke saman jerin masu jira.

Mako shida Wendell yana aiki a kanta. Mutumin da ya rubuta kundinsa kan yadda ake shawo kan mai sauraro, ai ba zai yi gaggawa ba. Ko sau ɗaya bai ce kar ta tafi ba. Sai dai ya tambaya, cikin tausayi, wa zai riƙa kai Baba gashin ƙashi ran Talata, tunda Mama ba ta tuƙi a babban titi. Ya nuna mata hoton wani ɗan gida kusa da ƙaramar jami'ar. Ran goma ga wata ta rubuta wa Arizona godiya da ban haƙuri, yana zaune a gefenta. Shi ne ma ya gyara mata sakin layin ƙarshe.

Jiya ne Farfesa Lindqvist, mai duba kundinsu, ta tare ta a baranda da fara'a. Ta ce ba kowa ba ne zai bar wa saurayinsa gurbi irin wannan, tun Fabrairu yaron nan yake zaman jiran mutum ɗaya ya janye.

"Corinne... na so in faɗa miki."

"Ka karɓa?"

"Ki tsaya ki ji..."

"Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Ran sha ɗaya."

Ta rufe famfo. Washegari ke nan. Ko kwana biyu bai iya yi ba don kunya.

"Ki fahimce ni, rabin raina. Ke ko ina kika je za ki haskaka. Ni kuwa wannan ce damata ɗaya. Kuma ai gaskiya na faɗa, Baba yana bukatarki."

"Oh, gaskiya ka faɗa? Sannu, malam. Haka muke koya wa yara, ko? Ka zaɓi gaskiyar da za ta yi maka aiki, sauran ka danne."

"Ki biyo ni mana. Baɗi ki sake nema..."

"In je in zauna ina duba maka rubutu, kana zaune a kujerata?"

Ya miƙo hannu, ta ja baya. Ba Arizona ce ta fi ci mata rai ba. Daren farko da takardar ta zo, ita da kanta ta yi kuka don tunanin barin Baba.

"Ka san abin da ya fi min ciwo? Da ka zo ka ce, Corinne, ni ne na gaba, ki bar min... da wataƙila na bar maka. Da hannuna, ina murna. Yanzu har in mutu ba zan san ko don mahaifina na zauna ba, ko don ka iya magana."

Ta zare zoben daga yatsanta mai kumfa, ta saka masa a aljihun riga. Ya fita ta ƙofar baya.

Mama ta shigo riƙe da roba cike da abinci.

"Ina ɗan nawa? Na ƙunsa masa na gobe."

Corinne ta karɓi robar ta ajiye, ta kifa kanta a kafaɗar mahaifiyarta.

"Ya tafi Arizona, Mama."