Hoton Cikin Kogo

Ranar da Wejdan ta fara ganin Zaharadden, rigima suka yi. Tana aiki a wani ofishin tafiye-tafiye a unguwar Ruwais, shi kuma shi yake raka baƙinsu zuwa Indonesiya, inda ake ɗora mutum kan tayar roba da aka hura, kogi ya ja shi ya ratsa kogon dutse a tsakiyar kurmi. Ita ta rubuta a talla cewa yawon na awa biyu ne.

"Yini guda ne, ya ukhti," ya ce. "A fita da safe, a dawo da la'asar. Kin taɓa shiga kogo kuwa?"

"Ka taɓa koyon sallama kuwa?"

Washegari saƙonsa ya shigo: "Assalamu alaikum. Na ga kin gyara tallar. Saura fuskar da kika yi mini."

Ta yi tsaki, amma sau huɗu ta karanta. Wata bakwai bayan nan ya zama "Nur aini", wato hasken idona, a wayarta, har an sa ranar da manyansa za su zo.

Sai Othman, ɗan kawunta, wanda ya daɗe yana sonta ba ta kula shi, ya kai wa mahaifinta hoto. Ga Zaharadden a duhun kogo, fitila a goshi, ya damƙe hannun wata mata da hannu biyu.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Baba Abdulghaffar. "Mai kama hannun matan mutane a cikin duhu ba zai zama surukina ba."

"Baba, tsohuwa ce fa. Tayarta ce ta kife."

"Ya miƙa mata sanda mana."

Ta koma ɗaki ta rubuta: "Nur aini, ka zo ka ba Baba haƙuri kawai, ka ce ba za ka ƙara ba."

Ya amsa: "Habibti, zan ƙara. Gobe in wata ta kife, in tsaya ina tunanin Baba?"

"To ka auri kogon."

Sati uku ba wanda ya nemi wani. Takaici ya ishe ta. Maza biyu take so a duniya, kuma Allah ya haɗa ta da masu taurin kai iri ɗaya, kowa na jiran ɗaya ya sunkuya. Othman kuwa ya fara zuwa gaisuwa da kwalin dabino, Baba na yi masa fara'a.

Ranar wata Juma'a ta ja Baba zuwa bakin teku a Abhur, wai shan iska. Can suka tarar da Zaharadden da taya da rigar ruwa mai hana nitsewa, don ta rubuta masa cewa in bai zo ba, ya goge lambarta.

"Baba, ka yanke hukunci kan aikin da ba ka taɓa gani ba," ta ce. "Ko tsoro kake?"

A unguwar Karantina aka haifi Baba, shekara sittin yana maƙwabtaka da teku, ruwanta bai taɓa wuce idon sawunsa ba. Amma a ce tsoro a gaban wannan yaron? Ya naɗe tobe, doguwar rigarsa, ya sa rigar ruwa, ya hau tayar.

"Yalla, mu je. Kuma kada ka taɓa ni."

Zaharadden ya maida hannuwansa baya. Ruwan iya ƙugu ne. Wani jirgi ya wuce, igiyar ruwa ta ɗaga tayar ta karkata ta, Baba ya ga sama a inda ƙasa take.

"Riƙe ni, ɗana, riƙe ni."

Zaharadden ya riƙe shi da hannu biyu, bai sake shi ba sai a kan yashi. Baba ya zauna yana haki, gemu na ɗiga. Sai ya ɗago kai.

"Can kogon, zurfinsa kamar nan ne?"

"Ya shanye mutum biyu a tsaye, Baba. Ga duhu."

"Tsohuwar ta fita lafiya?"

"Lafiya lau."

Baba ya dubi ’yarsa, wadda ke goge hawaye da gefen mayafi, sannan ya juya ga Zaharadden. "Ka turo manyanka ranar Alhamis."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na ba ka ita, Zaharadden, hankalina kwance."